Daga Balda Zuwa Zelevet: Tarihin Ƙin Hujja A Arewacin Kamaru

Wanda ya taso daga Yola ya bi Kogin Binuwai ya yi gabas, Garwa zai tarar, birnin da ya zama cibiyar mulkin arewacin Kamaru tun zamanin Jamusawa. Arewa da ita akwai Marwa da duwatsun Mandara, kudu kuma Ngaundere. Mafi yawan wannan ƙasa tana cikin yankin da mutanen Sakkwato suke kira Fombina, inda Modibbo Adama ya kafa mulki bayan ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a wajen 1809. Fulani suka riƙe sarauta, Hausawa da Barebari suka cika kasuwanni, ga kuma waɗanda aka tarar a ƙasar: Fali, Mafa, Giziga, Mundang, Tupuri, Masa da Mbum.

Cikin shekara 140 da suka wuce, ƙasar nan ta sha ganin abu guda yana maimaita kansa. Shugaba zai kafa magana, jama'a su bi, sannan hujja ta bayyana ƙarara cewa maganar ba haka take ba. Maimakon a gyara maganar, sai a sake wa hujjar suna: yau a kira ta raunin imani, gobe zagon ƙasa, jibi labarin ƙarya. Masu wa'azi sun yi haka, Turawan mulkin mallaka sun yi, gwamnatocin bayan 'yancin kai ma sun yi. A kowane karo kuwa talaka ne ya biya da jininsa.

Yadda Shehu ya auna maganar Mahadi

Lokacin da shekara ta 1200 bayan Hijira ta kama, wadda ta yi daidai da 1785 zuwa 1786, zancen bayyanar Mahadi ya cika ƙasar Hausa. Shehu Usmanu kansa ya yi wa'azi cewa lokacin ya kusa, yana dogaro da lissafin malaman da suka gabata, musamman Imam Suyuɗi. Da jihadi ya yi nasara, wasu mabiyansa suka fara cewa ai shi ne Mahadin. Shehu bai yi shiru ya ci ribar wannan zato ba. Ya ɗauko siffofin da ruwayoyi suka kawo, ya auna su da kansa ɗaya bayan ɗaya. Sunan Mahadi Muhammadu, shi kuwa Usmanu. Sunan mahaifin Mahadi Abdullahi, nasa mahaifin Muhammadu Fodiyo. Mahadi sharifi ne da za a haifa a Madina, shi kuwa a Maratta aka haife shi. Ya rubuta ya gargaɗi jama'a cewa shi ba Mahadi ba ne. Bai tsaya nan ba, ya koma kan abin da ya daɗe yana faɗa game da lokacin, ya bayyana cewa bayan bincike babu tabbacin ranar a hannun kowa.

Wannan shi ne ma'aunin da aka bar wa Fombina gado. Imani da zuwan Mahadi yana nan daram, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Modibbo Adama ya riƙa aika mutane gabas, wajen Wadai da Darfur, su saurari labarinsa. Amma duk wanda ya yi da'awa sai an ɗora shi a kan sikeli.

Hayatu a Balda

A 1881 Muhammadu Ahmadu ya bayyana a tsibirin Aba da ke Kogin Nilu, ya ce shi ne Mahadi. Shekarar 1300 ta Hijira tana gab da kamawa, zukata a shirye suke. Wanda ya fi kowa karɓar kiran a yamma shi ne Hayatu ɗan Sa'idu ɗan Bello, tattaɓa-kunnen Shehu, malami masani da ya baro Sakkwato a wajen 1878, ya zauna Yola, sannan ya kafa sansani a Balda, kusa da Marwa. Suka yi musayar wasiƙu, Mahadin Sudan ya naɗa shi wakilinsa a kan ƙasashen yamma. Jama'a suka riƙa kwarara zuwa Balda, kuma da dalili: sarakuna da yawa sun saki tafarkin jihadi, haraji ya yi nauyi, samamen bayi bai tsaya ba. Mai neman adalci ya ga tuta, ya bi.

A watan Janairun 1885 Khartum ta faɗi a hannun Ansaru, mabiyan Mahadin Sudan, aka ce to ga hujja. Wata biyar bayan haka, a Yuni, Muhammadu Ahmadu ya rasu a Omdurman. Bai shiga Makka ba, bai cika duniya da adalci ba, bai sadu da Annabi Isa (AS) ba. Da an yi amfani da sikelin Shehu, da magana ta ƙare a nan. Sai aka ce aikin zai cika a hannun halifansa Abdullahi. Sakkwato ta ƙi miƙa wuya, Lamiɗo Zubairu na Yola ya ɗauko runduna ya nufi Balda a farkon shekarun 1890, Hayatu ya karya shi. Wannan nasara guda ta rufe bakin duk mai tambaya.

Daga nan Hayatu ya haɗa kai da Rabe, wanda shi ma yake ɗauke da tutar Mahadiyya, ya auri 'yarsa Hauwa, suka ci Borno a 1893. A Dikwa ya gane cewa tuta kawai Rabe yake so, mulkin kuwa nasa ne shi kaɗai. Jikan Bello ya zama kamar ɗaurarre a gidan surukinsa. A 1898 ya yi yunƙurin ficewa, Fadlallah ɗan Rabe ya tare shi, aka kashe shi. A watan Satumban shekarar, a Karari, sojojin Kitchener na Ingila, masu bindiga mai ruwa, suka kashe Ansaru fiye da 10,000 a safiya guda, su kuwa ba su rasa mutum 50 ba. Rabe kansa ya mutu a hannun Faransawa a Kusuri ranar 22 ga Afrilu, 1900.

Yulin 1907

Ba a Sudan kaɗai aka ga aikin bindiga mai ruwa ba. Turawan Ingila sun ci Yola a Satumban 1901. Zubairu ya tsallako, ya kara da Jamusawa a Garwa a Nuwamba, aka kore shi. A Janairun 1902 ya sake tara dakaru a Marwa, Hans Dominik na rundunar Jamus ya kafa musu bindigar, ɗaruruwa suka zube kafin su kai inda mashi zai yi amfani. A Yulin 1903 Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya faɗi a Burmi. A Fabrairun 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka yi galaba a kan wata ƙaramar rundunar Turawa da gatura da fartanyu, aka ce alamar nasarar Allah ce. Wata guda bayan haka aka shafe garin, aka kashe mutane kimanin 2,000. Duk waɗannan labarai sun iso Binuwai ta bakin fatake da alhazai da 'yan gudun hijira.

Duk da haka, a 1907 mutum biyu suka tashi kusan lokaci guda da sunan Mahadi. Malam Alhaji, wanda ya dawo daga gabas, ya tara jama'a a ƙasar Marwa. A farkon Yuli sojojin Jamus suka tarwatsa rundunarsa, aka kama shi, aka kashe shi a Marwa. Na biyun shi ne Goni Wadai, wanda ya yi wa'azi a Ngaundere, sannan ya sami goyon bayan wasu sarakuna da jama'ar kwarin Binuwai. Ya doshi Garwa kanta, mazaunin Razdan na Jamus. Cikin wannan wata na Yuli, kafin su isa gari, Jamusawa suka tare su da bindiga mai ruwa. Goni Wadai ya mutu tare da mabiyansa masu yawa, aka kuma rataye shugabannin da suka mara masa baya a Garwa.

Bai kamata a raina mutanen nan ba. Baƙo ya ƙwace musu ƙasa, yana naɗa lamiɗo yana tuɓewa yadda ya ga dama, yana ɗora aikin tilas. Fushinsu gaskiya ne, jarumtarsu ma gaskiya ce. Sai dai tambayoyi uku ne a gabansu. Shin ana zalunci? Shin wannan mutum manzon Mahadi ne? Shin mashi da kibiya za su iya da bindigar da ta karya Karari da Marwa da Burmi? Amsar ta farko a fili take. Masu kiran suka ɗaure ukun a igiya ɗaya, ta yadda wanda ya yi shakka a kan ta uku za a ɗauke shi ya goyi bayan Nasara. Da haka aka rasa wanda zai ce a dakata a sake shawara.

Turawa ma da tasu

Bayan 1907 Turawa suka koma ganin Mahadi a fuskar kowane alhaji da kowane malami mai yawo. Shehu Sa'idu, ɗan Hayatu, ya zauna da almajiransa a Dumbulwa cikin ƙasar Fika, suna noma suna karatu. A 1923 Turawan Ingila suka kama shi bisa zargin shirya tawaye, ba tare da shari'a ba, suka kai shi Buea a kudancin Kamaru, inda ya shafe shekara fiye da 20, sannan aka mayar da shi Kano, ba a sake shi ba sai 1959. Shekaru suna wucewa ba tawaye, amma rashin tawayen bai zama hujjar sakinsa ba a wurinsu.

Faransawa, waɗanda suka gaji mafi yawan ƙasar bayan faɗuwar Garwa a Yunin 1915 da ta Mora a Fabrairun 1916, suka riƙe wata fahimta da suka gada daga Jamusawa: arewa ƙasar lamiɗo ce, sauran ƙabilu kuwa a tattara su da suna ɗaya, Kirdi, a mulke su ta hannun sarakunan Fulani. Alhali mutanen da aka yi wa wannan jam'i sun fi masu sarautar yawa, kuma kowace ƙabila da harshenta da tsarinta.

Ahidjo da haɗin kan da ba a yi wa tambaya

An haifi Ahmadu Ahidjo a Garwa ranar 24 ga Agusta, 1924. Ya yi aikin waya da rediyo a ma'aikatar gidan waya, ya shiga majalisa a 1947, ya zama Firayim Minista a Fabrairun 1958, sannan shugaban ƙasa a 1960. Ya karɓi ƙasa mai harsuna fiye da 200 da yaƙin tawaye a kudu, ya riƙe ta ba ta tarwatse ba. Garwa ta ga alherinsa: filin jirgin sama, hedikwatar kamfanin auduga na SODECOTON, da madatsar ruwan Lagdo da aka kammala a 1982. Wannan babu musu.

Amma ya ɗauki haɗin kai ya mayar da shi abin da ba a yi wa tambaya. Ranar 12 ga Maris, 1962, ya sa hannu a dokar hukunta zagon ƙasa. Dokar ta tanadi ɗauri ga mai yaɗa jita-jita, ta kuma tanadi ɗauri ga wanda ya faɗi labarin gaskiya ya haɗa da sharhin da hukuma take ganin zai cutar da ita. Ke nan gaskiyar magana ba ta isa ta kare mai faɗarta ba. A 1966 aka narkar da jam'iyyu cikin jam'iyya ɗaya, UNC. A ƙuri'ar raba gardama ta 20 ga Mayu, 1972, aka sanar da cewa kashi 99.99 cikin 100 sun amince a soke tarayya. A Colire, can cikin ƙasar Rai Buba, aka buɗe sansanin tsare 'yan siyasa da aka kira cibiyar gyaran tarbiyya, inda Bishop Albert Ndongmo ya zauna har 1975.

A arewa kuwa, lardi ɗaya ne tun daga Ngaundere har Tafkin Chadi, Garwa ce hedikwata, kuma ana nuna shi a matsayin dunƙulallen yankin Musulmi da ke bayan shugaba. Ma'aikata da hakiman da ba Musulmi ba sun san cewa ƙarin girma yana sauƙi ga wanda ya sauya suna. Ba wanda ya isa ya faɗi haka a fili, saboda haka gwamnati ta riƙa jin muryar kanta tana zaton muryar jama'a ce.

Ahidjo ya sauka a Nuwamban 1982, Paul Biya ya hau, ba a jima ba suka ɓata. A Agustan 1983 aka raba arewa gida uku. Ranar 6 ga Afrilu, 1984, wasu dakarun fadar shugaba suka yi yunƙurin juyin mulki, bai yi nasara ba. Sai tsohuwar fahimtar ta juyo ta cinye masu ita: tunda arewa abu guda ce, to duk ɗan arewa abin zargi ne. Aka harbe wasu, aka tsare wasu da dama. Cikinsu har da Dakole Daisala, Batupure, wanda ya shafe kimanin shekara 7 a tsare ba a gurfanar da shi ba. Ahidjo ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamba, 1989, a can aka binne shi. Da aka soke dokar zagon ƙasa a Disamban 1990, aka yi zaɓen majalisa a Maris 1992, akwatin ƙuri'a ya faɗi abin da aka hana faɗa shekara 30. UNDP ta Bello Buba Maigari ta sami kujera 68, MDR ta Dakole Daisala ta sami 6, kuma da waɗannan 6 ɗin RDPC ta Biya mai kujera 88 ta sami rinjaye a majalisa mai kujera 180. Arewa ta fito da muryoyi daban-daban, kamar yadda take tun asali.

Ɗan Marwa a 'Yan Awaki

Ana cikin wannan zamani, wani ɗan ƙasar Marwa yana can Kano yana gina tasa daular. Muhammadu Marwa ya shiga Kano a wajen 1945. Sarki Muhammadu Sanusi ya kore shi a 1962, ya dawo. Yana tsine wa mai ɗaura agogo, da mai sauraron rediyo, da mai hawa keke, da mai karanta wani littafi ban da Alƙur'ani, har aka sa masa Maitatsine. Malaman Kano na kowace ɗariƙa sun ce ya kauce. Bai amsa da hujja ba, ya kafirta su gaba ɗaya. Gardawan da suka taru a kansa a 'Yan Awaki yawancinsu matasa ne da arzikin man fetur ya tsallake, kuma sun yarda layu da tsafi za su hana harsashi shiga jikinsu.

Ranar 18 ga Disamba, 1980, rikici ya ɓarke a filin Shahuci. Sai da soja suka shiga kafin ya lafa a ƙarshen wata. Kwamitin Mai Shari'a Aniagolu ya ƙirga mutum 4,177 da suka mutu, har da Maitatsinen kansa. Hukuma ta ƙone gawarsa don kada kabarinsa ya zama wurin ziyara. Mutuwar jagoran da aka ce ƙarfe ba ya kama shi ta isa ta zama ƙarshen magana, amma ba ta zama ba. Aka sake yi a Bulumkutu ta Maiduguri da Rigasa ta Kaduna a Oktoban 1982, aka yi a Jimeta a 1984, aka yi a Gwambe a 1985. Musa Makaniki, wanda ya ja ragamar na Jimeta, ya tsallaka Kamaru ya ɓuya shekaru, ba a kama shi ba sai 2004.

Inuwa ta ba da shaida

A 2009 Muhammad Yusuf na Maiduguri ya shaida wa BBC cewa bai yarda duniya a mulmule take ba, bai kuma yarda ruwan sama daga tururin da rana take ɗagawa yake samuwa ba. Alhali Ibn Hazm ya tabbatar da mulmulewar ƙasa, Al-Biruni kuma ya auna girmanta, kusan shekara 1,000 kafin a haife shi. Malamai irin su Shehu Ja'afar Mahmud Adam sun warware shubuhohinsa tun yana raye. Ƙungiyar Yusuf, Boko Haram, ta zaɓi bindiga. Kamaru ta daɗe tana kallon abin a matsayin matsalar Nijeriya, har aka sace wasu iyalin Faransawa kusa da Waza a Fabrairun 2013. Biya ya shelanta yaƙi a Mayun 2014. Kolofata ta ɗanɗana a Yulin shekarar, Fotokol a Fabrairun 2015, Marwa kuma ta ga 'yan ƙunar baƙin wake a Yulin 2015.

A cikin wannan yaƙi ne aka yi abin da ya fi nuna halin hukuma da hujja. A Yulin 2018 wani bidiyo ya bazu a intanet: sojoji sun tasa mata biyu a gaba, ɗaya da goyo, ɗaya da yarinya a hannu, suna zarginsu da zama 'yan Boko Haram, suka rufe musu ido suka harbe su duka. Ministan Sadarwa na lokacin, Isa Ciroma Bakari, ɗan Garwa, ya ce labarin ƙarya ne. Wasu suka ce a Mali aka ɗauka. Amnesty International ta ce sojojin Kamaru ne. Masu bincike suka ɗauki layin duwatsun da ke bayan hoton suka daidaita shi da taswirar tauraron ɗan'adam, ya faɗa daidai kusa da Zelevet, a duwatsun Mandara. Suka duba gine-ginen da suke tsaye da waɗanda ba a riga an gina ba, suka auna inuwar sojojin a ƙasa, suka gano an yi kisan tsakanin 20 ga Maris da 5 ga Afrilu, 2015. A Agusta gwamnati ta sanar da kama sojoji 7, a Satumba BBC ta fitar da cikakken binciken. A Satumban 2020 kotun soja a Yawunde ta yanke wa 4 ɗaurin shekara 10, ɗaya shekara 2, ta sallami 2. Mutane da yawa sun ga hukuncin bai kai girman laifin ba. Duk da haka, hukumar da ta ce ƙarya ce ita ta koma ta hukunta, domin an sami masu haƙurin auna dutse da inuwa, an kuma sami inda za su faɗi abin da suka gano. Gani ya kori ji.

Abin da tarihin ya bari a hannunmu

Imani bai kashe mutanen Goni Wadai ba, kishin ƙasa kuma bai cika Colire ba. Abin da ya yi ɓarnar shi ne ɗaga maganar mutum guda zuwa matsayin da ba a taɓawa, da kuma hukunta wanda ya zo da labarin da ba a so. Ƙungiya ko gwamnatin da ta kori mai tambaya ta toshe ƙofar da gyara zai shigo mata, sai ta ci gaba da tafiya a kan kuskure har ranar da asarar rayuka za ta tsayar da ita.

Maganin kuwa ba daga waje za a aro shi ba. Al'ummar da ta gina ilimin isnadi don tantance wane ne ya faɗa, daga wa ya ji, kuma amintacce ne ko a'a, ta san darajar bincike. Suratul Hujurati ta umarci muminai su tabbatar da labari kafin su aikata abin da za su yi nadama. Imam Malik, wanda mazhabarsa ake bi daga Sakkwato har Garwa, ya shahara da cewa bai sani ba idan bai sani ba, kuma hakan bai rage masa daraja ba. Shehu Usmanu ya janye lissafin da ya yi wa'azi da shi a bainar jama'a, jama'arsa ba ta watse ba. Haƙƙi ne a kan malamin da ke kan buzu a Marwa, da mai riƙe da ofis a Garwa ko Yawunde, su bar almajiri da ɗan jarida da talaka su tambayi dalili ba tare da fargaba ba. Haƙƙi ne kuma a kanmu mabiya mu daina auna shugaba da ƙarfin rantsuwarsa, mu auna shi da abin da yake yi a ranar da hujja ta saɓa wa maganarsa.